Gwanayen Jifa na Farkon Wasan Besbol

Matafiyin da ya shiga motar safa a tashar unguwar Aziziya, a kudancin birnin Riyad, ya nufi gabas, bayan tafiyar kilomita wajen 400 a cikin rairayi zai isa Damam da maƙwabciyarta Zahran, inda aka dace da rijiyar man fetur ta farko mai albarka a ƙasar Sa'udiyya cikin shekara ta 1938. Amurkawan da suka zo aikin man ba injuna kaɗai suka kawo ba. Sun zo da iyalansu, sun kuma zo da wasan ƙasarsu, watau besbol, har ya yi saiwa a unguwar ma'aikatan kamfanin Aramco. Ƙungiyar yara ta Zahran ta yi shekara 12 a jere, daga 2000 zuwa 2011, tana halartar gasar yara ta duniya da ake yi a garin Williamsport na Amurka. A Zahran ɗin nan ne kuma aka haifi Alex Wilson a 1986, wanda ya girma a Amurka, ya zama mai jifa a manyan ƙungiyoyin Boston da Detroit.

Aikin Wilson yawanci shi ne a shigo da shi can wajen ƙarshen wasa, ya yi jifa na ɗan lokaci, sa'an nan a sauya shi da wani. Da za a ta da magabatansa na shekarun 1880 a ce musu wannan sana'a ce da ake biyan mutum dominta, da dariya za su yi. A zamaninsu wanda ya fara jifa shi ne zai gama, gobe ko jibi kuma ya sake tsayawa. Daga wannan zamani ne aka gaji waɗansu lambobi da har yau suke saman littattafan wasan: nasara 511 ta Cy Young a tsawon rayuwarsa ta wasa, da nasara 59 ko 60 ta Charles Radbourn a cikin shekara guda. Babu mai hankalin da ke zaton za a sake kamo su. Dalili kuwa ba wai mutanen da sun fi na yanzu ƙarfin dantse ba ne. Dokokin wasan ne dabam, yadda ake morar ɗan wasa ma dabam.

Yadda wasan yake

Ga wanda bai taɓa gani ba, besbol ɗan uwan kurket ne. Ƙungiya biyu ke karawa, mutum tara-tara. Tsakiyar filin kusurwa huɗu gare shi, a kowace kusurwa akwai zango, tsakanin zango da zango ƙafa 90. Ƙungiya ɗaya takan bazu cikin fili domin tsaro, ɗayar kuma ta riƙa turo mutanenta ɗaya bayan ɗaya, kowa da kulki a hannu. Mai jifa yana tsaye a tsakiya, sai ya wurga ƙwallo mai tauri, wanda bai fi girman lemon zaƙi ba, zuwa ga abokinsa mai cafewa da ke tsugune bayan mai kulki. In mai kulki ya sami ƙwallon ya maka, sai ya yar da kulkin ya sheƙa zango na farko. Duk wanda ya kewaye zango huɗu ya komo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Ana fitar da shi in ya kuskure kyakkyawan jifa sau uku, ko aka cafe abin da ya buga tun bai taɓa ƙasa ba, ko ƙwallo ya riga shi isa zango. An fitar da mutum uku, sai a yi musaya, masu tsaro su koma bugu. Kowane gefe ya yi nasa, an yi turmi ɗaya ke nan, in an ari kalmar 'yan dambe. Wasa kuwa turmi tara ne.

To, a ƙarshen kowane wasa marubucin maki yakan ɗauki nasarar ƙungiya ya rubuta ta da sunan mutum guda, watau mai jifan da ke kan aiki sa'ad da ƙungiyarsa ta shige gaba ba a sake kamo ta ba. Haka kuma yakan rubuta faɗuwa da sunan mai jifan ɗaya gefen. Abin da ɗan ban mamaki, gama mai jifa ba ya cin wasa shi kaɗai. Kome ƙwarewarsa, in abokansa ba su ci maki ba, babu nasara. Kamar gayya ce: jama'a suka yi noma, amma sunan mai gona ake faɗi. Sai dai a shekarun farko lissafin bai yi nisa da gaskiya ba, domin mutum ɗaya ne ke jifa daga turmin farko har na tara.

Zamanin jifa ta ƙasa

Ƙungiyar farko da ta fito fili ta ce dukan 'yan wasanta albashi take biyansu ita ce Red Stockings ta birnin Cincinnati, a 1869, ƙarƙashin Harry Wright, haifaffen Ingila, ɗan wani gwanin kurket. A shekarar nan ba wanda ya ka da ita ko sau ɗaya. A 1871 aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiya ta farko ta masu wasa don kuɗi, wadda ta yi shekara biyar, sa'an nan a 1876 aka kafa National League, wadda tana nan har yau.

Mai jifa na lokacin ba a ɗauke shi abokin gaban mai kulki sosai ba. Kusan a ce mai miƙa masa ƙwallo ne don wasa ya tashi. Doka ta ce ya tsaya ƙafa 45 daga mai bugu, ya jefa ta ƙasa, hannu na shigewa ƙasa da ƙugu. Har ma mai kulki yana da ikon ya faɗi inda yake so, sama ko ƙasa, kuma ba a soke wannan gata ba sai a 1887. A 1879 sai mai jifa ya karkace sau tara kafin a ba mai kulki zangon farko kyauta. A hankali aka yi ta ragewa har ya tsaya a huɗu cikin 1889. Ƙwallo guda ake fama da shi tun daga farko har ƙarshe, ya yi laushi, ya yi baƙi, ba ya tafiya nesa in an buga. Jifa ta ƙasa kuwa ba ta cin kafaɗa kamar ta sama. Wasannin gasa kuma ba su da yawa, 70 aka tsara wa kowace ƙungiya a 1876, alhali yanzu 162 ne. Saboda haka mai ƙungiya bai ga dalilin biyan mutum biyu aikin da mutum ɗaya zai iya ba. Daɗin daɗawa, doka ba ta yarda a shigo da sabon ɗan wasa a tsakiyar wasa ba sai in wani ya ji ciwo, kuma ba a saki wannan mara gaba ɗaya ba sai a 1891. In mai jifa ya gaza, iyakar abin da za a yi shi ne ya yi musayar wuri da wani da ke cikin filin.

Gwarzon wannan zamani shi ne Albert Spalding, mutumin jihar Illinois, wanda aka haifa a 1850. Shekara shida a jere, daga 1871 zuwa 1876, ba wanda ya kai shi yawan nasara. A 1875 ya ci wa Boston wasa fiye da 50, aka ka da shi sau biyar tak. William Hulbert, shugaban ƙungiyar Shikago, ya zawarce shi a asirce tare da waɗansu abokansa uku, kuma tsoron hukuncin da zai biyo baya yana cikin abin da ya sa Hulbert ya riga kowa, ya kafa National League. Spalding ya ci wa Shikago wasa 47 a 1876, sa'an nan ya bar jifa tun bai kai shekara 28 ba, da nasara sama da 250. Ya gane cewa arziki ba a filin yake ba, a sayar da kayan filin yake. Kamfanin kayan wasa da ya buɗe da ɗan'uwansa a Shikago a 1876 sunansa na nan a jikin ƙwallon kwando har gobe. A ƙarshen 1888 ya kwashi ƙungiya biyu ya zaga duniya da su, domin tallar wasan da tallar hajarsa. Daga Ostareliya suka biyo ta Silon, suka ratsa Bahar Maliya zuwa Suwez, a watan Fabrairu na 1889 suka hau raƙuma da jakuna zuwa dalar Giza ta Masar, suka yi wasa a kan rairayi. Wasan bai kama ƙasa a Masar ba.

Ba kowa ne ya fita da riba kamar Spalding ba. Jim Devlin na Louisville shi ne ya yi kowane jifa na ƙungiyarsa a 1877, ba wanda ya karɓe shi ko turmi ɗaya. A ƙarshen shekarar aka gano ya karɓi kuɗin 'yan caca ya sayar da wasanni, aka kore shi har abada tare da mutum uku. Ya yi ta roƙon a yafe masa, ba a yafe ba, ya mutu a 1883. Nan aka ga haɗarin ɗora ƙungiya duka a kan hannu guda: in mai hannun ya sayu, kowa ya sayu. Will White na Cincinnati kuwa, a 1879, ya fara wasa 75, ya gama 75 ɗin duka, turmi 680. Gwanin yau in ya kai turmi 200 a shekara sai a yaba masa juriya.

Shekarar Radbourn

A 1881 aka ja mai jifa baya zuwa ƙafa 50. Masu jifa kuma suka yi ta ɗaga hannu kaɗan-kaɗan, alƙalai suna kau da kai, har a 1884 National League ta sallama, ta halatta jifa ta sama da kafaɗa. Yawan wasanni ya haura 110. Yanzu aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai manyan ƙungiyoyi suka koma riƙe mutum biyu suna karɓa-karɓa.

Ƙungiyar Grays ta birnin Providence ta shiga 1884 da gwanaye biyu waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ɗaya Charles Radbourn, ɗan mahauci daga Bloomington a Illinois, mai shekara 29, mutum mai zafin rai. Ɗayan Charlie Sweeney, saurayi mai tashen ƙarfi. A tsakiyar Yuli aka dakatar da Radbourn bayan wani wasa da ya ɓata wa shugabanni rai. Ran 22 ga watan kuma aka umurci Sweeney ya ba wani wuri a tsakiyar wasa, ya ƙi, ya fice daga filin, aka kore shi, ya tafi St. Louis inda wata sabuwar haɗaɗɗiyar ƙungiya ke jiransa da kuɗi. Providence ta wayi gari ba ta da mai jifa na kirki, har aka yi maganar a rushe ƙungiyar.

Don a gane cinikin da Radbourn ya yi, sai an san wata doka da masu ƙungiyoyi suka ƙulla tsakaninsu a 1879. Kowace ƙungiya tana iya rubuta sunayen waɗansu 'yan wasanta ta ce ta riƙe su, sauran kuma suka yi alkawarin ba za su taya ba. Da mutum biyar aka fara, kafin 'yan shekaru ta mamaye kusan kowa. Wanda aka riƙe, ko ya karɓi abin da aka ba shi, ko ya bar sana'ar. To, Radbourn ya ga damarsa ta zo. Ya ce zai ɗauki nauyin sauran wasannin shekarar shi kaɗai, in za a ƙara masa kuɗi, a kuma sake shi ya tafi inda ya ga dama in shekara ta ƙare. Watau da hannunsa zai fanshi kansa. Masu ƙungiya ba su da zaɓi, suka yarda.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa ba, ba a kuma sake gani ba. Wata biyu cur, kusan kowane wasa shi ke tsaye a tsakiyar fili, hannu tsirara, gama safar kama ƙwallo ba ta yaɗu ba tukuna. Ya ci 18 a jere. An ruwaito cewa kafaɗar takan kumbura har ya kasa ɗaga hannu ya taje gashinsa da safe; sai ya riga kowa zuwa fili, ya fara wurga ƙwallo daga 'yan taku kaɗan, yana ja da baya sannu-sannu har hannun ya saki. A shekarar nan ya fara wasa 73, ya gama dukansu, ya yi turmi sama da 678, ya fitar da masu kulki 441 ba su taɓa ƙwallo yadda ya kamata ba. Providence ta zama zakara da nasara 84 da faɗuwa 28. A watan Oktoba ta kara da Metropolitans ta Niyu Yok, zakarar ɗaya haɗaɗɗiyar ƙungiyar, wasa uku cikin kwana uku. Radbourn ya yi jifa a ukun, ya ci ukun.

Nasararsa nawa a shekarar? Waɗansu littattafai sun ce 59, waɗansu 60. Sabanin ya taso ne daga wani wasa na ƙarshen Yuli a Filadelfiya, inda wani ya fara jifa, Radbourn ya karɓe shi ya ƙarasa. A lokacin babu tsayayyiyar ƙa'ida a kan wanda za a rubuta wa nasara in mutum biyu suka raba aiki. Sharaɗin da ake bi yanzu, cewa wanda ya fara sai ya cika turmi biyar, a 1950 aka rubuta shi. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan a zuci: yawancin lambobin nan daga baya masu bincike suka tattara su daga tsofaffin jaridu, shi ya sa littafi da littafi sukan saɓa da ɗaya ko biyu. Abin mamaki kuwa, da aka ba Radbourn 'yancin da ya sha wuya dominsa, bai tafi ko'ina ba, ya sake sa hannu a Providence. Ya bar wasa a 1891 da nasara wajen 310, bindigar farauta ta lalata masa ido a 1894, ya mutu a 1897 yana da shekara 42.

Kuɗin da jiki ya biya

Wanda ya dubi jerin sunayen shekarun 1880 zai ga mutum biyar da suka haye nasara 300, amma ba zai ga tarin waɗanda hannunsu ya mutu a hanya ba. Tommy Bond ya ci wa Boston 40 ko fiye shekara uku a jere, daga 1877 zuwa 1879, kafin ya kai shekara 26 ƙarfinsa ya ƙare. Larry Corcoran ya ci wa Shikago 43 a shekararsa ta farko, 1880. Zuwa 1885 hannun ya tafi, ya mutu yana da shekara 32. Ba likitan ƙungiya, ba fansho. Wanda ya gaza a sallame shi, a ɗauko wani.

Ko waɗanda suka jure ma ba duka suka ga da kyau ba. James Galvin, wanda ake wa laƙabi da Pud, shi ne na farko da ya kai 300, a 1888. Gajere ne mai kauri, ya yi wa Buffalo da Pittsburgh aiki, ya ci 46 a 1883, ya sake cin 46 a 1884, ya tashi da nasara wajen 365 da faɗuwa fiye da 300, domin ƙungiyoyinsa ba su taɓa zama zakara ba. Ya mutu cikin talauci a Pittsburgh a 1902, yana da shekara 45. John Clarkson ya ci 53 a 1885. A 1888 Shikago ta sayar da shi ga Boston dala 10,000, kuɗin kuwa aljihun masu ƙungiya suka shiga. Ya gama da nasara 328, ya ƙare rayuwarsa yana jinyar taɓin hankali, ya mutu a 1909. Tim Keefe mai 342 da Mickey Welch mai 307, waɗanda suka daɗe suna karɓa-karɓa a Giants ta Niyu Yok, su ne suka ga tsufa.

Irin cinikin Clarkson, da ƙoƙarin masu ƙungiyoyi na ƙayyade albashi a dala 2,000, su suka tunzura 'yan wasa. A 1885 John Montgomery Ward ya kafa musu ƙungiyar ƙwadago, ta farko a tarihin wasannin Amurka, Keefe yana cikin shugabanninta. Ward da kansa tsohon mai jifa ne, ya ci 47 a 1879 yana ɗan shekara 19, da hannunsa ya lalace ya koma tsaron fili, ya kuma karanta aikin lauya. A 1890 suka ɓalle suka kafa gasar kansu. Wanda ya ja ragamar masu kuɗi wajen murƙushe su kuwa ba kowa ba ne illa Spalding. Tawayen bai wuce shekara guda ba, dokar riƙe ɗan wasa kuma ta ci gaba da aiki har tsakiyar shekarun 1970.

Akwai kuma waɗanda ba a bari sun shiga lissafin ba sam. George Stovey, baƙar fata mai jifa da hagu, ya ci wa Newark wasa sama da 30 a 1887 a wata ƙaramar gasa, mai cafe masa kuwa Moses Fleetwood Walker, shi ma baƙi, wanda ya taɓa wasa a babbar gasa a Toledo cikin 1884. Ran 14 ga Yuli 1887 shugabannin gasar tasu suka yanke shawarar kada a ƙara ɗaukar baƙar fata. A ranar nan ƙungiyar Shikago ta Cap Anson, wanda ya yi ƙaurin suna wajen ƙin tsayawa fili da baƙaƙe, ta zo wasan sada zumunci a Newark, Stovey kuma bai yi jifa ba. Ƙofar manyan ƙungiyoyi ta zauna a rufe har Jackie Robinson ya shiga Brooklyn a 1947. Baƙaƙe suka kafa nasu gasa, babba a cikinsu ita ce wadda Rube Foster, shi ma gwanin jifa, ya kafa a 1920. Satchel Paige, wanda ya yi shekara ashirin yana gagara a can, sai da ya kai shekara 42 aka ɗauke shi a Cleveland a 1948. A watan Disamba 2020 hukumar manyan gasanni ta amince cewa gasannin baƙaƙe na 1920 zuwa 1948 manyan gasanni ne, a 2024 aka haɗa lambobinsu da na saura. Amma jerin masu yawan nasara bai motsa ba, gama wasannin gasarsu na shekara ba su da yawa, da yawa daga abin da suka buga kuma ba a rubuta ba.

Manomin Ohio

A 1893 aka yi gyaran da ya raba zamani biyu. Aka kafa wa mai jifa wani ɗan faranti da zai taka, ƙafa 60 da inci 6 daga mai kulki, watau mita 18 da ɗan ɗori, nisan da ake bi har yanzu. Ƙarin bai wuce ƙafa biyar ba a kan inda ƙafar bayansa take tsayawa da, amma ya isa. Masu kulki suka sami sarari, maki ya yawaita, tsofaffin gwanaye da suka rage suka yi ta sauka. Ga mutum biyu daga cikin waɗanda suka ƙetare gyaran kamar ba a yi ba. Ɗaya Kid Nichols na Boston, wanda ya ci 30 ko fiye a shekaru bakwai, ya kai 300 tun yana ɗan shekara 30. Ɗayan Denton True Young.

An haife shi a ƙauyen Gilmore na jihar Ohio ran 29 ga Maris 1867, ya tashi a gona. Laƙabinsa Cy gutsuren kalmar Turanci ce mai nufin guguwa, saboda saurin jifansa sa'ad da yake saurayi. Ya fara wa Cleveland wasa a watan Agusta 1890. Ya ci 36 a 1892, kafin gyaran. Ya ci 34 a 1893, bayan gyaran. Young bai taɓa kusantar lambar Radbourn ta shekara guda ba, ba a nan girmansa yake ba. Girmansa a daɗewa yake: shekara 22 a fili, a 15 daga cikinsu ya ci 20 ko fiye. Ba ya yawan karkacewa, saboda haka ba ya ɓarnar jifa. Ba ya daɗewa wajen ɗumama hannu kafin wasa. In lokacin sanyi ya zo yakan koma gona ya yi ta faskare. Da saurin ƙuruciya ya ragu, sai ya koma ga dabara da iya saiti.

A 1901 ya bi sabuwar American League zuwa Boston. A 1903 ya taimaka mata ta ci karon farko na gasar zakarun haɗaɗɗun ƙungiyoyin biyu a tsarinta na yanzu. Ran 5 ga Mayu 1904, yana da shekara 37, ya kara da Athletics ta Filadelfiya, mutum 27 suka zo da kulki, ya mayar da 27 ɗin ba wanda ya taka zangon farko. Ya ajiye wasa bayan 1911, yana da shekara 44, da nasara 511. Ya fara wasa 815, ya gama 749 da kansa, ya yi turmi 7,356. Shi ne kuma ya fi kowa yawan faɗuwa, sama da 310, gama wanda ya fi kowa zuwa rafi shi ya fi kowa fasa tulu.

Na biye da shi, Walter Johnson na Washington, ya tsaya a 417 tsakanin 1907 da 1927, a 110 daga ciki abokan hamayya ba su ci ko maki ɗaya ba. Sai Christy Mathewson na Giants da Grover Cleveland Alexander, kowanne 373. Alexander ya bar wasa yana ganin ya shige Mathewson da ɗaya, daga baya masu bincike suka tono wa Mathewson wata nasara ta 1902 da ba a lissafa ba, suka zama kunnen doki. Su biyun Yaƙin Duniya na Farko ya taɓa su a Faransa: Mathewson ya shaƙi iskar guba a wajen horo, tarin fuka ya kashe shi a 1925 yana da shekara 45, Alexander ya komo da kurmancin kunne ɗaya da farfaɗiya.

Daga nan lambobin sai sauka. Ed Walsh ne na ƙarshe da ya ci 40 a shekara, a 1908. Denny McLain na ƙarshe da ya haye 30, a 1968. Randy Johnson ya kai 300 a 2009. A Japan, inda al'adar morar gwani guda ta daɗe, Masaichi Kaneda ya tashi da 400 a 1969. Yanzu ƙungiya takan riƙe masu fara wasa biyar, kowanne ya huta kwana huɗu, ana ƙidaya jifansa ɗaya-ɗaya, in ya doshi 100 a cire shi, irin su Wilson na Zahran su ƙarasa. Mai jifan yau yana zuba iyakar ƙarfinsa a kowane jifa, abin da Galvin da Young ba za su yi ba don sun san akwai gobe. Kuma an zuba miliyoyin daloli a hannun, ba mai son ya ƙone. Wanda zai ci 20 a kowace shekara har shekara 25 ba fashi, 500 zai tara, saura 11 ya kamo Young.

Young ya koma Ohio, bayan rasuwar matarsa ya zauna gidan waɗansu abokai yana taya su aikin gona, ya rasu ran 4 ga Nuwamba 1955 yana da shekara 88. A shekara mai zuwa aka ƙirƙiro lambar girma da sunansa domin gwanin jifa na shekara. Wanda ya fara karɓarta shi ne Don Newcombe na Brooklyn, baƙar fata, da nasara 27. A 2018 Jacob deGrom na Mets ta Niyu Yok ya karɓe ta da nasara 10 da faɗuwa 9, domin masu zaɓe sun koma duba yawan makin da aka ci mutum, ba yawan wasannin da aka rubuta da sunansa ba.